Wane Littafin Tarihi Zan Saya Wa Yara A Dogon Hutu?

Assalamu alaikum Anti. Ni uwar yara uku ce a Unguwar Rimi, Kaduna, babbar shekararta 12, mai bi mata 9, autan 6. An ba su dogon hutu sai Satumba. Bara mun sa su lesin, kuɗi suka tafi, yara suka dawo da gajiya. Bana na ce zan zaunar da su a gida na 'yan makonni mu yi tarihi, don kwanaki na tambayi babbar wane ne Sardauna, ta ce mini sunan layi ne. Na zaga shagunan littattafai na ga iri-iri. Akwai wani ƙato mai sheƙi na ƙasar waje, a kan Masar da Girka da Rum, ayyukan hannu a cikinsa sun fi hamsin, kuɗinsa ya kai cefanen mako. Akwai na fenti da sitika da cike gurbi, shi yaran suka rungume. Akwai na tarihin Najeriya na 'yan firamare, ba kala, ba aikin hannu ko ɗaya. Wata ƙawata kuma ta turo mini wasu na Amurka a waya, wai in buga. Maigidana ya ce ɓarnar kuɗi ce, a mai da su lesin. Surukata da muke zaune tare ta leƙa hotunan da na ɗauko ta ce ba za a ƙera mata gumaka a gida ba. Anti, wanne zan saya, kuma yaya zan yi da mutanen gidan? Daga uwar yara uku.

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah ya raya mana su, ya yi musu albarka.

Ki fara sayen wannan mara kalar, na tarihin Najeriya. Na san shi ne ya fi muni a ido, kuma na san yara za su ɓata fuska, amma shi ne ƙashin bayan abin da kike son yi. Na sitika ki bar shi a kanta. Na wayar ma ki bar shi a waya. Ƙaton nan mai sheƙi kuwa sai kin koma shagon kin yi masa binciken da zan gaya miki, in ya tsallake ki saya, in bai tsallake ba ki nemi ɗan siriri mai magana a kan abu ɗaya. Littafi biyu sun ishe ki. Hutun da kike gani da tsawo, in kin cire makon farko na barci da hutawa, da ziyarar dangi, da makon ƙarshe na ɗinkin yunifom da neman takalma, abin da zai rage miki bai wuce mako huɗu ba, kuma Islamiyya tana nan ba ta tafi hutu tare da boko ba.

Kada ki ga laifin yarinyar a kan maganar Sardauna. Wajen 2009 aka cire tarihi a matsayin darasi mai zaman kansa daga firamare da ƙaramar sakandare, aka cusa guntayensa cikin wasu darussa, sai bayan shekaru aka dawo da shi. Da yawa daga cikin matasan malaman da ke koyar da 'ya'yanmu yau su ma haka suka wuce ba su yi shi ba. Giɓin da kika hango gaskiya ne, ba rigimar uwa ba ce.

To, binciken. In kin koma shagon kada ki tsaya a bango, kada kuma ki fara daga shafin farko, don nan mawallafa ke zuba mafi kyawun abin da suke da shi. Buɗe tsakiya. Duk aikin hannu yana zuwa da jerin kayan da ake buƙata, ki karanta jerin nan kina tambayar kanki: wannan yana gidana? In babu, zan same shi a Kasuwar Gumi ko Kasuwar Barci ba tare da na yi yawo ba? Littattafan nan an rubuta su ne don gidajen Ingila da Amurka, inda ake sayar da sandunan ayis kirim a ƙunshe don aikin yara, akwai bindigar gam mai aiki da wuta, akwai injin buga takarda a ɗaki, akwai ɗakin karatu na unguwa da za a aro sauran littattafai. Ki gwada ayyuka biyar a wurare daban-daban. In uku daga ciki suna neman abin da sai an yi oda, ki ajiye littafin, don zai zama kundin kallon hotuna ne kawai.

Sai abin da ya fi wannan muhimmanci, wanda yawancin iyaye ba sa dubawa. Ki kalli aikin ki tambaya: in yaro ya gama wannan, me hannunsa ya gano game da mutanen da? Akwai aikin da sunan tarihi kawai aka liƙa masa. A ce yaro ya yanka kwali ya yi hular sarkin Masar ya shafa mata ruwan gwal. Ya ji daɗi, ya yi kyau a hoto, amma da hular bikin zagayowar haihuwa aka ce ya yi, aikin ɗaya ne. Akwai kuma aikin da ke jefa yaro cikin matsalar da mutanen zamanin suka fuskanta. A ce ya ɗaura wa bulo igiya ya ja shi a kan busasshen yashi, sannan ya yayyafa wa yashin ruwa kaɗan ya sake ja, ya ji bambanci a damtsensa. Wannan yaron ya taɓa wani abu na yadda aka ja manyan duwatsu a Masar shekara 4,500 da suka wuce, don akwai zanen Masarawan da kansu da ke nuna mutum yana zuba ruwa a gaban abin da ake ja. Littafin kirki irin na biyun ya fi yawa a cikinsa, kuma kafin kowane aiki za ki ga shafi ɗaya ko biyu na labari, da shekara, da taswira. In labarin layi uku ne aikin kuma shafi biyu, littafin sana'ar hannu ne aka yi masa rawanin tarihi.

Ayyuka hamsin ɗin nan da suka burge ki, ni su ne suka sa na yi ɗari-ɗari. A mako huɗu, in kun yi takwas da kyau kun yi ƙoƙari. Kuɗin arba'in da biyu za ki biya a banza, ga kuma damuwar ganin littafi ba a ci rabinsa ba.

Ki duba kuma ko na rubutawa a ciki ne ko na yankawa. Yara uku gare ki. Littafin da ake yanke shafinsa ko a liƙa masa sitika na yaro ɗaya ne, sau ɗaya, kuma rigimar wa zai liƙa ta ishe ki aiki. Shi ya sa na ce ki bar na sitikar. In autan ya matsa, fensir mai kala da farar takarda sun fi masa amfani. Shekarun da ake rubutawa a bango, 8 zuwa 12 ko makamancin haka, na yaron da ya tashi da Turanci a bakinsa ne. Ki karanta sakin layi ɗaya a ranki, in kin ga mai shekara tara zai tsaya sau huɗu yana tambayar ma'ana, ki san ke za ki riƙa karantawa da dare ki ba su labarin da Hausa da safe. Ba laifi ba ne, hasali ma ya fi shiga, amma ki san aikin da kika ɗauka.

Na wayar da ƙawarki ta turo, ki yi mata godiya. Yawancinsu tarihin Amurka ne, 1776 da shugabanninsu da yaƙin basasarsu, an tsara su don gidajen da ke karantar da yara a gida shekara cur, ba don hutu ba. Kafin ki buga shafi sittin mai kala sau uku a shagon kwamfuta, kin sayi littafi sabo. Ga shi yanzu intanet ta cika da littattafan da na'ura ta haɗa, ba sunan marubucin da za a kama, hotuna masu kyau, bayani a birkice. Dabarar gane su ita ce ki nemi abin da kika riga kika sani ki ga yadda suka faɗe shi. Wannan gwajin ki yi wa na Najeriyar ma: ya ce an haɗe Kudu da Arewa a 1914? Ya ce jihadin Shehu Usmanu ya fara a 1804? Akwai Nok a ciki, akwai Zazzau, akwai Borno da Benin da Ife? In na waje ne mai iƙirarin tarihin duniya, ki duba jerin babuka ki ga ko Afirka ta wuce Masar da cinikin bayi. In ba Mali, ba Mansa Musa da hajjinsa na 1324, ba Timbuktu, kin san iyakar duniyar marubucin.

Yanzu ga dalilin da ya sa ban damu ba ko da kin dawo gida da mara kalar shi kaɗai. A Kaduna kike. Abin da littafin aikin hannu ke sayar miki dabara ce, kayan tarihin kuwa suna kewaye da ke, kuma wasunsu yaran Landan sai a gilashi suke ganin irinsu.

Ɗauki Nok. Ƙauye ne a ƙaramar hukumar Jaba, cikin jihar nan. A 1928 masu haƙar kuza suka tono wani ɗan kai na gasasshen yumɓu a wajen. A 1943 aka kai wa wani Bature mai suna Bernard Fagg wani kan a Jos, bayan wanda ya tsince shi ya kafa shi a gonar doya yana korar tsuntsaye da shi. Fagg ya ga kamanninsu ɗaya, daga nan aka gane al'umma ce guda da ta rayu a tsakiyar ƙasar nan tun wajen shekara 1,500 kafin haihuwar Annabi Isa. Sun noma gero da wake, daga baya sun narka ƙarfe, kuma masu bincike sun sami ragowar kakin zuma a jikin tukwanensu, wato shekara 3,500 da suka wuce ana cin zuma a ƙasar nan. Labarin gonar doyar nan kaɗai ya isa ya kama miki yara uku a tabarma.

Aikin da zai biyo baya ba ya buƙatar ƙera fuskar kowa. Ki sayo yumɓu wajen masu tukwane. Kowane yaro ya mulmula dunƙule biyu kamar lemo, ɗaya cushe, ɗaya mai rami a ciki da 'yan huji. Sannan su murza yumɓu siriri-siriri kamar igiya, su naɗa shi zagaye bisa zagaye su tayar da ƙaramar tukunya, suna shafe gaɓoɓin da jiƙaƙƙen yatsa. Haka mutanen Nok suka gina kayansu, da rami a ciki, kuma hujin ido da hanci da baki da ake gani a kawunan yana barin tururi ya fita lokacin gashi. A ajiye a inuwa ana dubawa kullum: wanne ya fara bushewa, wanne ya tsage, tukunyar wa ta zauna don an yi mata bango mai kauri a ƙasa? Babbar ta riƙa rubutawa. Ki lura, hutunmu a tsakiyar marka yake faɗowa, abin da littafin waje ya ce zai bushe a kwana ɗaya a Agustan Kaduna sai ya yi huɗu ko biyar, don haka a fara aikin yumɓu a makon farko. Kuma in kin ga an ce a kwaɓa fulawa da gishiri a madadin yumɓu, ki tsallake. Da tsadar fulawar nan, ga danshi zai sa ta yi fumfuna, ga Hajiya surukarki tana kallo ana wasa da abinci.

Bayan sun sha wahalar tukunyarsu, sai ki kai su gidan adana kayan tarihi da ke kan titin Ali Akilu, wanda aka buɗe a 1975. Kada ki kai su kafin aikin. Yaron da tukunyarsa ta rushe sau biyu, in ya tsaya gaban aikin mutanen da, da wani ido yake kallo. Ki tambayi ranaku da lokacin buɗewa kafin ku fita.

Tun da na ambaci Hajiya, bari mu yi maganarta. Ba ta faɗi abin banza ba. Littattafan Masar da Girka cike suke da allolinsu, wasu ma aikin da suke ba yaro shi ne ya ƙera su ko ya naɗe 'yar tsana kamar gawar Fir'auna. Hukuncin sura da mutum-mutumi maganar malamai ce, ku tambayi malamin da gidanku ya yarda da shi. Amma ni ban ga abin da zai kai ku ga jayayya ba, don duk abin da nake ba ki shawara a kai, ba mai rai a ciki: tukunya, ganuwa, gada, tawada, kuɗi, taswira. Ki same ta ita kaɗai ki ce, "Hajiya, na ji maganarki, ba za a yi ba. Amma akwai abin da nake so ki taimaka mini da shi, don ni ban san shi ba." Ki bar ta ta tambaye ki mene ne.

Abin shi ne kuɗin da. Sai ranar 1 ga Janairun 1973 aka fara naira da kwabo. In Hajiya ta haura sittin, da sule da sisi da taro aka aike ta sayen gishiri. Kwabo 12 sule ɗaya, sule 20 fam ɗaya, sisi kwabo shida, taro kwabo uku, ga ɗari wato rabin kwabo, ga anini mai huji a tsakiya da sai an tara goma ya zama kwabo. Yara su yanka kwali su yi kuɗin, Hajiya ta faɗi girman kowanne da wanda ke da huji, sannan a kafa kasuwa a tsakar gida, ita ce mai kanti. Mai shekara tara ya sayi abin taro ya ba da sule, a ga ko zai san canjinsa kwabo tara ne. Za ki sha dariya, don lissafin sha biyu-sha biyu yana rikita wanda ya saba da goma-goma, kuma Hajiya za ta cinye su duka. Daga nan babbar ta ɗauki littafi da biro, ko waya in Hajiya ta yarda a naɗi muryarta, ta yi mata tambayoyi: ina take ranar da aka kashe Sardauna a Janairun 1966, me ta ji ana faɗa? Ta tuna lokacin da motoci suka koma bin hannun dama a 1972? Ta ga hawan dabar da aka yi a Kaduna a 1977? Wa ta sani da ya yi aiki a masaƙun Kakuri, waɗanda na farkonsu ya fara aiki a 1957? Ki gaya wa yarinyar ta bar tsohuwa ta yi ta zuba ko ta kauce daga tambaya, yawanci a kaucewar ake samun abin. In wani abin da Hajiya ta faɗa ya saɓa da littafi, kada a gyara mata a gabanta. A rubuta duka biyun, daga baya ki tambayi babbar me ya sa take ganin suka bambanta. Wannan tambayar ita ce aikin masu tarihi na gaske, kuma mai shekara 12 ta isa ta fara ta.

Ganuwa kuma aikin mai shekara tara ce, na san irinsu. A samu faffaɗan katako ko tsohon faranti, a yi ƙananan tubali da hannu, masu faɗin gindi da tsinin kai kamar yadda magina ke yi, a jera su tsinin yana sama, a cike tsakani da laka. Kafin a fara ki jefa musu tambaya: in maƙiya suka kewaye gari wata uku, me mutane za su ci, me za su sha? Su da kansu za su gano dole a bar fili na gona da rijiya a cikin ganuwa, kuma haka tsofaffin biranenmu suke. Ƙasar ginin daga ina za a ɗebo? Daga waje, gindin bangon, sai ramin ya zama wani shingen. Ƙofa nawa za a yi, tun da kowace ƙofa hanyar kasuwa ce kuma hanyar maƙiyi? Nan sai labarin Sarauniya Amina ta Zazzau ya shigo, wadda ake danganta gina ganuwoyi da ita a ƙarni na 16, da tsohon garin Turunku da ke nan ƙaramar hukumar Igabi. Ki gaya musu gaskiya cewa yawancin labarinta daga baki aka karɓo shi, an rubuta shi ne bayan zamaninta da daɗewa. In hali ya yi, Zariya tafiyar kilomita 80 ce ko kusa da haka, a je a ga ragowar ganuwa da Ƙofar Doka, a ji labarin Babban Gwani Muhammadu Durugu da ya gina masallacin Juma'a na birnin a zamanin Sarki Abdulkarimu, da laka da azara. In bai yi ba, a cikin gari ma akwai abin gani: gadar ƙarfen da aka fara kafawa a Zungeru a 1904 tana nan a wurin shaƙatawa na Gamji, kuma Gidan Arewa da ke titin Rabah gidan Sardauna ne kansa, an mai da shi cibiyar tarihi a 1970. Can za ki kai mai cewa sunan layi ne.

Akwai wani aiki da ba ya cin ko sisi, kuma na fi son sa a kan duk abin da na gani a littattafan nan. Yara ba sa jin nisan shekaru, a wurinsu Fir'auna da Gwamna Lugga da kakarsu duk "da can" ne. Ku fita layi da yamma in ba ruwa. Ki ce taku ɗaya shekara ɗari ne. A ja layi a ƙasa, nan ne yau. Samun 'yancin kai na 1960 bai kai taku ɗaya ba. Dawo da hedikwatar Arewa daga Zungeru zuwa Kaduna a 1917, taku ɗaya da ɗan ɗoriya. Jihadi, biyu da kaɗan. Amina, huɗu da rabi. Hijira, sha huɗu. A kowane wuri a ajiye dutse. Sai ki ce autan ya tafi farkon Nok, ya yi ta takawa kuna ƙirgawa har 35, babbar kuma ta wuce shi zuwa dalar Masar a 45. Su juyo su hango duwatsun farko sun cunkushe a gindin ƙafarki. Za su tambaye ki me ya faru a duk wannan filin da ba dutse, ki ce su nemo a littafi.

Sauran kuwa ƙanana ne, ki cike gurbi da su ranar da aka tashi da ruwa: tawada da garin gawayi da ƙaro, a feƙe alƙalami su rubuta sunayensu da ajami, rina tsohon farin ƙyalle da zoɓo ko bawon albasa bayan an ɗaɗɗaure shi da zare, taswirar layin dogo daga Legas zuwa Kano, su nemo inda Kaduna ta zauna a kai su faɗi dalilin da ya sa Turawa suka so wurin. Gam ɗinki dafaffen sitaci ne. Kara kuwa kada ki sa rai da shi yanzu, sai kaka.

Maigida yana da hujja, kada ki shiga da niyyar kayar da shi. Abin da yake tsoro shi ne a sayi littafi mai tsada a yi kwana uku a watsar, yara su koma waya da talabijin, kuma ya ga irin haka a gidaje. Ki je masa da lissafi a takarda: kuɗin littafi ɗaya ko biyu, yumɓu, kwali, kuɗin mota zuwa wuri biyu, ki ajiye kusa da abin da aka biya na lesin bara. Ki ce kwana uku a mako, awa ɗaya da rabi da safe, mako huɗu. In akwai yaron da sakamakonsa ya nuna rauni a lissafi ko Turanci, ki yarda a nema masa malami a sauran ranakun, don ganuwar laka ba za ta gyara masa wannan ba, kuma yardar da kika yi a nan ita za ta buɗe miki sauran. Sannan ki ba shi nasa aikin. Shi zai kai ku Gidan Arewa ranar da ba ya aiki, kuma duk ƙarshen mako yara za su tsaya gabansa su yi masa bayanin abin da suka ƙera, ya yi musu tambaya uku. Jarrabawarku ke nan, ba a buƙatar wata. In mai shekara tara ya iya gaya wa babansa dalilin da ya sa ya bar gona a cikin ganuwarsa, ba sai kin ƙara cewa komai ba.

Ki sa a ranki cewa wajen mako na biyu zafin zai ragu, na yaran da naki. Ranar da kika ga haka kada ki tilasta, ki rufe littafi ku tafi gidan tarihi ko a kira Hajiya ta buɗe kanti. Autan ma kada ki sa ran zai zauna fiye da minti ashirin, ki ba shi murza yumɓu da ƙirga taku, in ya tashi ki ƙyale shi. Ki tanadi tsohuwar leda ko buhu na shimfiɗawa da tsofaffin riguna, ki kuma sa wanke wuri cikin aikin tun ranar farko, in ba haka ba ke za ki riƙa kankare laka a tayil bayan azahar. Ranar komawa shagon kuma ki tafi ke kaɗai, ki ba kanki rabin awa, in mai shago ya ce ba a buɗe leda ki ce ya buɗe miki ɗaya ko ki duba gaba.